Cirani a gonakin Italiya: tumatirin Foggia ko shanun kwarin Po?

Da zarar watan Yuni ya kama, wayata ba ta ƙara samun hutu. Ƙannenmu da suka fito daga sansanin masu neman mafaka da 'yar takarda a aljihu, da waɗanda ke gida suna jin labarin bizar aikin gona, tambayarsu kusan ɗaya ce: "Yaya, in gangara Foggia tsinkar tumatir, ko in daure in nemi aikin shanu a arewa?" Na taɓa duka biyun. Na yi kakar tumatir biyu a kudu, ta 2012 da ta 2013, daga baya na shafe shekaru ina tatsar shanu a wani ƙauye na lardin Reggio Emilia. Maimakon in riƙa nanata magana ɗaya har batir ya mutu, gara in shimfiɗa ta a nan, kowa ya auna da halin da yake ciki.

Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, kada ya auna aikin gona a Italiya da kuɗin da ake danƙa masa da yamma. Ya auna shi da yawan kwanakin da aka rubuta da sunansa a wurin hukuma. Zan dawo kan wannan, domin a nan ne yawancinmu muka tafka asara ba mu sani ba.

Mu fara da kudu. Lardin Foggia yana jihar Puglia, kuma a cikinsa ne ake da filin da ake kira Tavoliere, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ido ya yi ta tafiya ba tudu ba bishiya. Alkamar da ake taliya da ita da tumatirin gwangwani su ne arzikinsa. Italiya tana sarrafa tumatir tan miliyan 5 zuwa 6 a shekara, tana cikin ƙasashe uku na gaba a duniya tare da Amurka da Chana, kuma kusan rabin wannan daga kudu yake fitowa. Manyan motoci ne ke kwasar na Foggia dare da rana zuwa masana'antun da ke wajen Salerno da Napoli, inda ake feɗe dogon tumatir a zuba shi ɗungurungum a gwangwani, wanda suke kira pelati, ko a markaɗe shi a ɗura a kwalba, wato passata. Mutanen nan ba sa wasa da tumatir. Har yau akwai gidajen da a watan Agusta dangi ke haɗuwa, tun daga kaka har jikoki, su dafa na shekara guda su jera kwalabe a ɗakin ƙasa, kamar yadda ake shanya kauɗa a wurinmu.

Wanda ya saba tsinkar tumatir a Kadawa ko Kura zai ɗauka ya iya aikin. Ba haka ake yi ba. Ba a tsinka ɗaya bayan ɗaya ana zaɓen nunanne. Tumɓuke itacen ake yi gaba ɗaya, a ɗaga shi a kakkaɓe a cikin wani ƙaton akwatin roba da ake kira cassone, mai cin kilo 300 ko fiye. Da akwati ake biya. A zamanina yuro uku da rabi ne kowane akwati. Ranar da jikina ya yi daɗi ina cika bakwai, akwai wani Bagobiri da muke kwana ɗaki ɗaya da yake kai goma sha, amma shi ba a gwada kai da shi. Bakwai ɗin nan yuro 24 da rabi ke nan. A cire biyar na mota, domin ba ka isa ka je gonar da ƙafarka ba, ba ma ka san inda take ba. A cire na burodi da na ruwan sha, waɗanda a hannun mai motar kaɗai za ka saya. Abin da ke saura da ƙyar yake haura yuro goma sha biyar, bayan ka duƙa tun asuba har la'asar. Yanzu an ɗan ƙara, wasu gonakin ma sun koma biyan awa, amma ginin bai canja ba.

Mai motar nan shi ne caporale. Tsakaninsa da mai gona yarjejeniya ce: kawo mini mutum talatin gobe da asuba, sauran ba ruwana. Yawanci kuma ba Bature ba ne, namu ne, baƙar fata wanda ya riga mu zuwa ya iya harshen, shi ya sa a can ake ce masa capo nero. Shi ke zaɓen wanda zai shiga mota, shi ke ƙirga akwati, shi ke karɓo kuɗi ya raba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In ka yi masa gardama a kan akwati ɗaya, gobe motar ta cika kafin ka iso.

Shi ma mai gonar ba sarki ba ne, in za a faɗi gaskiya. Kowace shekara ƙungiyoyin manoma da na masu masana'antu ke zama su yanke farashi kafin girbi. A 2023, shekarar da manoma suka ce sun samu farashi mai kyau, tan ɗaya ya kama yuro 150 zuwa 160, wato kilo ɗaya bai wuce santi 15 ko 16 ba. A saman masana'antun kuma akwai manyan kantuna masu rassa ko'ina, waɗanda suka daɗe suna sayen kaya ta wani irin gwanjon da ake rige-rigen karya farashi har zagaye biyu, sai a 2021 doka ta haramta shi. Kanti ya matse masana'anta, masana'anta ta matse manomi, manomi ya waiga bai ga wanda zai matse ba sai kai. Duk da haka lissafin a fili yake: akwatin da ya ba manomi yuro 45, mai cika shi 'yan yuro kaɗan yake gani a ciki.

Wani abin da masu kira ba su sani ba shi ne inji ya cinye yawancin aikin. Tumatirin arewa, na Piacenza da Parma da Ferrara, kusan duka inji ke girbe shi. A kudu ma haka abin ke tafiya. An fi neman hannu a ƙananan gonaki, da inda ƙasa ke da duwatsu, da kuma ranakun da aka yi ruwa ƙasa ta yi taɓo inji ya kasa shiga. Saboda haka kaka ɗaya, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ba kwana sittin na aiki ba ce. Za ka yi kwana uku, ka zauna biyu kana kallon sama. Shi ya sa mutanen kudu ba sa zama wuri ɗaya: kankana a Nardò, tumatir a Foggia, zaitun da inabi in kaka ta yi nisa, lemo a Rosarno ta jihar Calabria cikin hunturu, dankali a Cassibile ta tsibirin Sisili in sanyi ya wuce. Cirani ne wanda ba shi da ranar komawa gida.

Wurin kwana kuwa, gani ya kori ji. A Borgo Mezzanone, kusa da garin Foggia, akwai tsohon filin jirgin soja da ya zama gari na kwali da katako da leda, mutane dubbai ke kwana a ciki lokacin kaka. Akwai na Rignano, inda gobara ta kashe 'yan Mali biyu a Maris ɗin 2017. A Agustan 2018, cikin kwana uku kacal, haɗarin mota biyu a lardin Foggia ya kashe masu tsinkar tumatir 16, dukansu 'yan Afirka, a cikin irin motocin nan da ake cire kujeru a jera benci. A Yunin 2021 wani matashi ɗan Mali, Camara Fantamadi, ya faɗi ya mutu a hanyarsa ta komawa daga gona kusa da Brindisi saboda zafi, abin da ya sa gwamnatin Puglia ta hana aikin fili daga ƙarfe 12:30 zuwa 4 na yamma a ranakun tsananin zafi. Kada kuma wani ya ɗauka abin ya tsaya a Puglia ko a kan baƙar fata. Paola Clemente 'yar ƙasa ce, ta mutu a gonar inabi a Andria a 2015. Satnam Singh ɗan Indiya ne, inji ya guntule masa hannu a lardin Latina a Yunin 2024, aka yasar da shi a ƙofar gidansa maimakon asibiti, ya rasu.

To me ya sa mutane ke ci gaba da tururuwa can? Domin kudu tana da abin da arewa ba ta da shi, kuma rashin adalci ne a ɓoye wannan. Ka sauka daga jirgin ƙasa yau, gobe kana iya kasancewa a gona. Ba mai tambayarka harshe, ba mai tambayarka adireshi, ba mai tambayar wa ya san ka. Katifa tana da arha. Akwai masallaci, akwai mai tuwo, akwai mai aski, akwai wanda zai ranta maka yuro goma ya jira. Wanda aka sallama daga sansani da jaka ɗaya a hannu, ba dangin iya ba na baba, a wurinsa da babu gara ba daɗi. Ban taɓa raina wanda ya gangara saboda wannan ba, ni ma dalilina ke nan.

Dokoki kuma sun motsa. Yajin aikin Nardò na 2011, wanda wani ɗalibin injiniya ɗan Kamaru mai suna Yvan Sagnet ya jagoranta, shi ya sa aka fara ɗaukar aikin caporale a matsayin laifi. Doka mai lamba 199 ta 2016 ta ƙara da mai gonar kansa: ɗaurin shekara ɗaya zuwa shida, da tarar yuro 500 zuwa 1,000 kan kowane lebura. Tun 2023 tallafin noma na Tarayyar Turai a Italiya yana da sharaɗin mutunta haƙƙin ma'aikata, wanda aka kama ana iya zabtare masa tallafi. Amma ga abin da dokar ta haifar a aikace, kuma nan ne maganar kwanaki ta shigo.

Yanzu yawancin masu gona suna ba da kwantiragi, domin in sufetocin ƙwadago suka faɗo gona a nuna musu takarda. Sai dai a aikin gona na wucin gadi, kwantiragi ba ya cewa ga yawan kwanakin da ka yi. Mai gona ne ke kai rahoton kwanakin daga baya ga hukumar inshorar ma'aikata, INPS. Ka yi kwana ashirin da biyar a wata, ya rubuta shida. Sauran ya ba ka a hannu, kai kuma kana murna ba a cire haraji ba. Ni haka na yi murna. Da na je sabunta takardar zama aka nemi shaidar abin da na samu a shekara, sai ga shi kaka guda cur da na yi a duƙe ta koma kwana goma sha ɗaya a takarda. Matar da ke ofishin ƙungiyar ƙwadago ta juyo mini da kwamfutarta ta nuna mini da biro, ta ce, "Wannan kaɗai gwamnati ta san ka yi."

Waɗannan kwanaki, giornate a harshensu, su ne komai. Wanda ya tara kwana 102 a cikin shekara biyu yana da haƙƙin kuɗin zaman banza na ma'aikatan gona, kashi 40 cikin 100 na ladansa, in ya nema kafin 31 ga Maris na shekarar da ta biyo baya. Da su ake lissafin kuɗin jinya da na fansho. Da su ake nuna kuɗin shiga wajen sabunta takardar zama ta aiki, inda ma'aunin ya kai kusan yuro 7,000 a shekara. A ƙa'ida ranar aikin gona awa shida da rabi ce, mako awa 39. Saboda haka in mutum biyu suka yi maka tayi, ɗaya zai ba ka yuro 45 a hannu ba rubutu, ɗaya zai ba ka ƙasa da haka amma kowace rana tana cikin takardar albashi, busta paga, na biyun ne ya fi biya, nesa ba kusa ba.

Yanzu mu hau arewa.

Kwarin kogin Po shi ne rumbun madarar Italiya, jihar Lombardia kaɗai tana ba da fiye da kashi 40 cikin 100. Mafi yawan madarar ba sha ake yi ba, cuku ake yi da ita, kuma sarakunan cukun biyu ne: Grana Padano da Parmigiano Reggiano. Na biyun na fi sani. Ba a yin sa sai a Parma, Reggio Emilia, Modena, da wani ɓangare na Bologna da na Mantova. Ba a ba shanunsa masarar da aka rufe ta yi tsami, sai ciyawa da harawa da tsaba. Madarar yamma ta kwana a faffaɗan bahon ƙarfe, da safe a yaye man da ya taso, a haɗa ta da ta safe a tukunyar tagulla mai cin lita 1,100, a fitar da dunƙule biyu. Kowane dunƙule ya sha lita 550 ke nan, nauyinsa wajen kilo 40, kuma sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye kafin gwani ya zo ya ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma ya saurari ƙararsa, sannan a buga masa hatimin wuta. Darajarsa ta kai akwai bankin da ke karɓarsa jingina ya ba da bashi, yana da rumbunan ajiyarsa na kansa.

Ba don burgewa na kawo wannan ba. Shi ne dalilin da ya sa aikin shanu ya bambanta da na tumatir. Sunan cukun yana da kariyar dokar Turai, ba wanda ya isa ya yi shi a wani wuri ya sa masa sunan, kuma tun 2012 an yarje wa ƙungiyar masu yin sa ta tsara yawan da za a fitar don kada kasuwa ta cika farashi ya faɗi. Madarar da ke shiga ciki tana da tsada, kuskure a cikinta ya fi tsada. Mai tumatir hannuwa yake nema na mako shida, ko na wane ne. Mai shanu mutum ɗaya yake nema wanda zai amince masa shekara da shekaru. Shi ya sa a rumfar shanu ake samun kwantiragin shekara, wani lokaci na dindindin, mai albashin wata, da ƙarin wata na 13 da na 14, da kuɗin sallama, sau da yawa har da gida a cikin gonar.

Farashin wannan kwanciyar hankali shi ne turke. Saniya ba ta san Lahadi ba, ba ta san Kirsimeti ba, balle Sallah. Sau biyu ake tatsa a rana, kowace rana ta Allah. Ni ƙarfe huɗu na asuba nake shiga ramin tatsa, in fito wajen takwas, in koma uku da rabi na yamma har bayan magariba. Tsakanin nan ba barci ba ne sosai, ba kuma yawo ba ne. Hunturun kwarin Po hazo ne mai jiƙa ƙashi, sai a yi mako ba a ga rana ba, hannu a cikin ruwan sanyi, takalmin roba a cikin kashin shanu. Da zafi kuma ga gumi ga sauro. Sannan kaɗaici. Gonar tana tsakiyar fili, gari mafi kusa sai ka yi tafiyar keke mai nisa, sai ka yi kwanaki ba ka yi Hausa da kowa ba sai a waya. Na san waɗanda suka samu aikin, suka yi wata biyu suka tattara suka koma Borgo Mezzanone, ba don kuɗi ba, don shirun ya fi ƙarfinsu. Kuma gidan nan da ake ba ka igiya ce: ranar da kuka ɓata da mai gona, aiki da ɗaki tare suke tafiya.

Wanda ya tashi a ruga yana da riba, amma kada ya yi alfahari da wuri. Shanun nan baƙi-da-fari ne manya, lita 30 a rana ba abin mamaki ba ne a wurin guda ɗaya, kuma inji ke tatsa. Abin da zai amfane shi ido ne: gane saniyar da ke ɗingishi tun kafin kowa ya lura, da wadda hantsarta ta fara kumbura, da wadda ke neman bijimi, da wadda haihuwa ta zo mata a karkace. Wannan ba a koyar da shi a mako guda, kuma masu gona sun san darajarsa. Sauran kuwa tsafta ce da bin ƙa'ida, kuma sai da harshe. Saniyar da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ana ɗaura mata jan madauri a ƙafa, madararta a bokiti daban take tafiya. Wata yamma a watannina na farko, gajiya ta sa na maƙala wa irin wannan saniya bututun da ke zuwa babban tanki. Dattijon da ke koya mini aiki, mutumin Punjab, ya hango daga ɗaya gefen ya yi tsalle ya fizge bututun, amma an riga an makara. Madarar yammar gaba ɗaya aka zubar, domin ko kaɗan ne maganin ya shiga tukunya cuku ba zai kama ba. Mai gonar bai kore ni ba. Ya yi kwana uku bai amsa gaisuwata ba, kuma na fi son a ce ya zage ni.

Dattijon nan ya kawo mu ga babban shingen. Tun shekarun 1980 da 1990, da 'ya'yan manoman yankin suka guje wa rumfar shanu suka tafi masana'antu, Indiyawan Punjab ne suka riƙe aikin tatsa, yawancinsu mabiya addinin Sikh. A Novellara, nan lardin Reggio Emilia, suna da babban wurin ibada tun 2000. In gurbi ya buɗe ba a tallata shi, mai tatsa ne ke kawo ƙaninsa ko surukinsa. Namu kan shiga ne ta ƙasa: share rumfa, shayar da 'yan maruƙa, maye gurbin wanda ya tafi hutu. Dole takardarka ta zama cikakkiya, dole ka ji Italiyanci gwargwado, lasin mota ko na tarakta kuma yana ɗaga ka sama da mutum goma. Ga kuma na'urar tatsa mai sarrafa kanta tana yaɗuwa a manyan gonaki, ƙananan gonaki suna rufewa. Guraben ba ƙaruwa suke yi ba.

Akwai maganar da ba a cika yi ba sai mutum ya iso, wato addini. Yankin cuku shi ne kuma yankin alade. Ruwan da ke saura bayan an cire cuku tun fil azal aladu ake ba, shi ya sa naman alade na Parma da cukun Parma suka tashi tare. Wasu gonakin suna da shanu a nan, aladu a can, wasu kamfanonin samar da ma'aikata kuma in suka ce maka "aikin dabbobi" mayankar alade suke nufi. Ka tambaya da baki kafin ka sa hannu. Haka tsinkar inabi a watan Satumba, yawancinsa na giya ne, kowa ya san abin da zuciyarsa da malaminsa suka gaya masa. Ta fuskar ibada kuwa, mai tatsa yana da tsakar rana, in yana da abin hawa Juma'a ba ta wuce shi, amma Idi sai ya roƙi wani ya riƙe masa. Azumi a rumfa mai sauƙi ne, sahur da tatsar asuba kusan tare suke. Ni da na yi azumin 2012 da na 2013 a gonar tumatir cikin Yuli da Agusta, ba na yi wa maƙiyina fatan irinsa. A 'yan shekarun nan dai azumi ya koma ƙarshen hunturu.

Tsakanin biyun akwai hanya ta uku da nake yawan nuna wa mutane: 'ya'yan itace a arewa. A Saluzzo ta jihar Piemonte ana farawa tun Yuni da ƙananan 'ya'yan itace, a shiga fic, wato peach a Turance, a shiga tuffa, a ƙare da kiwi a Nuwamba. Kakar ta fi ta tumatir tsawo, biyan awa ne, kuma an fi rubuta kwanaki, ko da yake can ma ana zabtarewa, matsalar wurin kwana kuma ta sa an sha ganin 'yan'uwanmu suna kwana a waje. A Trentino da Alto Adige, inda mafi yawan tuffar ƙasar ke fitowa, tsari ya fi kyau, manomi kan ba da ɗaki, sai dai 'yan gabashin Turai da ke dawowa gona ɗaya kowace shekara sun riƙe yawancin guraben.

Ga waɗanda ke gida kuma, hanyar halal ɗaya ce, tsarin da ake kira decreto flussi. Gwamnati ta ware gurabe 452,000 na 2023 zuwa 2025, sannan kusan 500,000 na 2026 zuwa 2028, daga ciki 267,000 na aikin kaka ne a gona da otal-otal. Najeriya da Nijar da Ghana da Sudan suna cikin ƙasashen da aka lissafa. Amma ba kai ke nema ba, mai gona ne ke nema da sunanka ta intanet a ranar da aka buɗe, in an amince a fitar da takardar izini, nulla osta, ka kai ofishin jakadanci. Kuɗin biza yuro 116 ne. Duk wanda ya ce ka kawo miliyoyi ya sayar maka da nulla osta, ka sani ana sayar da na gonakin da babu su. A Yunin 2024 firaminista Giorgia Meloni da kanta ta kai ƙara gaban mai gabatar da ƙara na yaƙi da mafiya, ta ce a jihar Campania waɗanda suka shigo ta wannan hanya suka sa hannu a kwantiragi ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Wanda ya iso ya tarar babu mai gona, ya zama marar takarda da bashi a wuya, kuma Foggia ce ke jiransa. Takardar aikin kaka wata tara ce iyakarta, ba ta ba da damar kawo iyali, ba ta ba da kuɗin zaman banza. Amfaninta shi ne bayan wata uku na aiki ana iya juya ta zuwa ta cikakken aiki in wani ya ba ka dogon kwantiragi, kuma irin wannan kwantiragin a rumfar shanu ko gidan kayan lambu na leda ake samunsa, ba a filin tumatir ba.

To, ƙanena, ga yadda nake raba amsar. In takardarka cikakkiya ce, kana da niyyar zama, kana son wata rana ka kawo matarka, ka nufi shanu ko da za ka fara da shebur. Kawo iyali yana buƙatar kuɗin shiga da gidan da hukuma ta amince da shi, takardar zama ta dogon zango tana buƙatar shekara biyar da jarrabawar harshe, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ake samu da adireshin ɗakin kwali. In kai mai son jama'a ne, ko kana son ka yi wata shida ka tafi gida ka yi wata uku, turken shanu zai kashe maka zuciya, ka bi 'ya'yan itacen arewa ka tara kwana 102 ɗinka. In kuwa yau ba ka da ko kuɗin haya, kuma Foggia ce kaɗai ƙofar da ke buɗe, ka shiga, amma da ranar fita a ranka. Ka nemi gonar da ke biya ta banki, irin waɗanda ke aiki da ƙungiyar NoCap da Sagnet ya kafa ko waɗanda ke cikin rajistar INPS ta gonaki masu bin doka. Kada ka bar takardarka ta asali a hannun kowa, ko da sunan za a yi maka kwantiragi, hoto ya isa. Wanda aka zalunta ya kai ƙara ya ba da haɗin kai, tun ƙarshen 2024 doka ta tanadar masa takardar zama ta musamman, ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago irin su FLAI-CGIL suna taimakawa a kai.

Kuma ko ina ka faɗa, ka sayi ƙaramin littafi na yuro ɗaya. Kowace yamma ka rubuta kwanan wata, sunan wurin, ƙarfe nawa ka fara, ƙarfe nawa ka tashi, akwati nawa, wa ya kai ka. Ka ɗauki hoton gonar da wayarka. Ƙarshen wata ka ɗora littafin kusa da takardar albashi ka ƙirga, in lissafin bai zo ɗaya ba ka tafi da su biyun ofishin patronato mafi kusa, wato ofishin da ke taimaka wa ma'aikata kan harkar takardun INPS, duba kwanakin kyauta ne.